Rigar Awo da Gesa Ta Ƙera

Gesa Tammen ta girmi ƙanwarta Imke da shekara bakwai, kuma tun suna yara a ƙauyensu na bakin teku, can arewacin Jamus, kowa ya san ba halinsu ɗaya ba. Gesa mai zama ce, ta kwance agogon bango don ta ga abin da ke motsa shi. Imke kuwa in an neme ta an rasa, sai a ɗaga kai, tana bisa bishiya ko rufin ɗakin ajiye kaya. Ciwon daji ya ɗauke mahaifiyarsu Imke ba ta gama firamare ba. Mahaifinsu Okko kullum yana tashar jiragen kamun kifi yana gyaran inji, saboda haka Gesa ce ta yi ta wanke ciwon gwiwa, ita ce kuma ke zuwa makaranta duk ranar da aka kawo ƙara.

Da suka girma sai aiki ya sake haɗa su a birnin Kolon. Imke ta yi tuƙin jirgin sama, daga nan aka zaɓe ta cikin 'yan sama jannati, har ta je tashar da ke zagaya duniya sau ɗaya ta dawo. Gesa kuma tana ɗakin awo, a ginin da ke kallon nasu, aikinta auna tiririn da suke kwasowa.

Ba irin tiririn tukunya ba ne. Can sama, inda iskar duniya ba ta kai ta kare mutum ba, akwai wasu haskoki da ido ba ya gani, daga rana da kuma taurari masu nisa. Suna ratsa ƙarfen kumbo, su ratsa nama da ƙashi, mutum bai ji komai ba. Amma ɓarnar tana taruwa a jiki, kuma in ta yi yawa tana iya zama ciwon daji bayan shekaru. Shi ya sa hukumar 'yan sama jannati ta yanka wa kowa iyaka. Duk wanda jimillar abin da ya kwasa ta kai nan, ya gama hawa, ko da garau yake jin kansa. Iyakar mata kuma ta fi ta maza matsi.

Kowane ɗan sama jannati yana da ɗan ma'auni kamar akwatin ashana a ƙugu. Gesa ta daɗe ba ta yarda da shi ba. A lissafinta, in haskokin suka bugi bangon tashar sukan farfashe su haifi wasu ƙanana, waɗanda ɗan akwatin nan ba ya kamawa sosai. Ta shafe shekaru tana ƙera sabon ma'auni, wata riga ce marar hannu, an jera mata ƙananan na'urori a ƙirji da ciki da baya. Da ta gama sai matsala ta zama wa zai sa ta. Kowa jadawalinsa a cike yake, kuma babu mai marmarin kwana da tashi cikin riga mai matse jiki har rabin shekara.

Ana cikin haka aka sa Imke a tafiya ta biyu. Ranar wata Lahadi suka je gaida Baba Okko, ya dafa musu shayi irin na gida, da ƙanƙarar sukari a ƙasan kofi da kirim a sama. Gesa tana ta mitar rigarta, sai Imke ta ajiye kofi.

"Kawo in sa miki mana."

"Ba abin wasa ba ne, Imke. Tana da nauyi."

"Nauyi? A can sama? Haba Yaya, ke ce fa mai digiri a gidan nan."

Baba Okko ya yi dariya har ya ƙware. Gesa ta ɗaure fuska ta ce, "To, tana da ƙaiƙayi."

"Ni da na sa rigar sanyin da kika saƙa min ina aji uku? Babu sauran ƙaiƙayin da zai ba ni tsoro a duniya."

"Ki tsaya ki ji. Duk abin da ta nuna, sai na kai wa likitoci. Ba zan zauna a kansa ba."

"Ki kai wa Paparoma ma in kina so," in ji Imke, ta miƙa hannu ta ɗauke ragowar kek ɗin yayarta.

Gesa ta yi farin ciki ranar, farin cikin da ba ta iya nunawa. A mota suna komawa ta so ta ce na gode, sai ta ɓige da faɗa kan yadda Imke ke taka birki.

Aka tashi lafiya. Duk mako Imke takan kira ta bidiyo, gashinta a tsaye kamar tsintsiya, ta juya a iska ta nuna rigar gaba da baya kamar mai tallan kaya. Lambobi suna saukowa kan allon Gesa kullum. Ta san duk lokacin da tashar ta ratsa saman kudancin Tekun Atlantika, domin nan ne lambobin ke hawa, kuma takan tsinci kanta ta riƙe numfashi har sai sun sauko. Amma waɗannan somin-taɓi ne. Ainihin jimillar tana cikin wasu ƙananan duwatsu da aka ɗinke a rigar, waɗanda ba a iya karanta su sai sun dawo ƙasa.

Tafiyar ta yi nisa sai rana ta yi bore. Ta yi aman wuta irin wanda aka daɗe ba a gani ba, aka umarci mutanen tashar su tattaru a sashen da bangonsa ya fi kauri, su jera jakunkunan ruwa su kewaye kansu. Sun yi kwanaki a takure. Da abin ya lafa Imke ta kira, muryarta a gajiye amma tana dariya.

"Rigarki ta ƙoshi, Yaya. Ban cire ta ba ko na minti ɗaya."

"Ya jikinki?"

"Ƙalau. Sai dai in na rufe ido ina ganin tartsatsi kamar ana walda. Kyauta ma, ba ko sisi."

Gesa ba ta yi dariya ba. Ta san abin da tartsatsin yake, haskokin ne ke ratsa ƙwayar ido.

Imke ta sauko da bazara. Aka kwaso ta a kujera tana ɗaga wa mutane hannu, aka miƙa wa ɗakin awo ɗan akwatin ƙugunta da kuma rigar. Akwatin wani abokin aiki ya karanta, kamar yadda doka ta ce, tunda Imke 'yar'uwar Gesa ce. Sakamakonsa ya yi daɗi: duk da boren ranar, Imke ba ta kai iyaka ba, da sauran wurin tafiya ɗaya. Labari ma ya fara yawo cewa ita za a ba shugabancin tashar a karo na gaba.

Rigar kuwa ta Gesa ce, ita ta kwance ɗinkin da hannunta. Ta sa duwatsun cikin na'ura ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa lissafi. Da ta ga jimillar sai ta ce lalle ta yi kuskure. Ta sake lissafin ta wata hanya, amsa ba ta canja ba. Ta kwashi duwatsun da ta ware ba ta taɓa ba, ta aika wa wani ɗakin awo a ƙasar Suwidin ba tare da ta faɗi na jikin wa ba ne. Amsarsu ta zo daidai da tata. Tsohon ma'aunin ya daɗe yana rage wa mutane lissafi, kuma in aka bi na rigar, Imke ta wuce iyakarta.

Abokan aikinta ba su san jimillar Imke ba, sun dai ga abin da Gesa ta yi shekaru tana faɗa ya tabbata. Suka sayo kek, wani ya buɗe kwalba, ana ta rungumarta. Ta karɓi kofin ta ajiye, ta shiga banɗaki ta kulle ƙofa, ta zauna a ƙasa har sai da hayaniyar ta mutu.

Ba ta yarda ƙanwarta ta ji a bakin wani ba. A lokacin Imke tana koyon tafiya daga farko, don ƙafafu sun manta da ɗaukar jiki, kullum da safe takan taka a hankali a bakin kogin Rhine. Gesa ta raka ta. Suka yi 'yar tafiya, Imke na riƙe da hannunta kamar tsohuwa, tana ba ta labarin yadda ta saki cokali a iska jiya ta manta zai faɗi. Da suka zauna a benci Gesa ta faɗa mata. Ba ta yi kwana-kwana ba, don ba ta iya ba.

Imke ta bi wani jirgin dakon kaya da ke wucewa da kallo. Can ta ce, "Amma ai gwaji ne. Ke da bakinki kika ce gwaji ne."

"Gwaji ne. Amma daidai ya auna."

"Akwatin fa? Shi ne na hukuma. Shi ya ce ƙalau nake."

"Akwatin ba ya gani duka, Imke. Abin da nake ta faɗa ke nan."

"To, ki ji. Ban ce ki yi ƙarya ba, na san ko da wuƙa a wuya ba za ki yi ba. Jira kawai nake roƙo. Ki ce kina sake dubawa. Masu bincike ai sukan yi shekara biyu suna sake dubawa, ba wanda ya ce musu don me. In na tashi, ki kai wa duk wanda kika ga dama."

"Akwai mutane a sama yanzu haka da akwatin nan a ƙugu. In na yi shiru, su fa?"

"To ki faɗi na akwatin, ki cire sunana."

"Ke kaɗai kika sa rigar. Wa zai kasa ganewa?"

Imke ta yi wata irin dariya marar daɗi. "Haka ne. Ni kaɗai ce sakarar da ta sa. Duk sauran sun ce ba su da lokaci. Su za su ci gaba da hawa, ni da na ce kawo in taimaki yayata..."

"Na gaya miki tun ranar."

"Kin gaya min! Sannu da ƙoƙari."

Gesa ta matso kusa da ita. Ta ce a hankali, "Ke ƙarama ce lokacin, ba ki ga yadda Mama ta ƙare ba. Ni na gani. Ni na riƙa juya ta a gado."

"Kada ki kawo min Mama cikin wannan maganar." Imke ta juyo, idonta ya kaɗa. "Jikina ne, Gesa. Na san abin da na sa hannu a kai. Na zauna a kan tulin man da zai iya tashi da gari guda, aka kunna masa wuta, ban ji kin ce kada in je ba. Sai yanzu, don wata lamba?"

Rabon da ta kira ta da sunanta haka tsirara, Gesa ba ta iya tunawa. Imke ta yunƙura ta tashi, ƙafafun suka yi rawa, Gesa ta kai hannu. Imke ta ture shi. Haka ta tafi ita kaɗai, tana dafa ƙarfen bakin kogi, Gesa na biye da ita daga nesa don kada ta faɗi, har ta ga ta shiga tasi.

Gesa ta yi mako guda tana jan ƙafa. Ta rubuta rahoton ta goge, ta sake rubutawa. Ta nemi inda lissafin zai ba da ƙofa, ko 'yar ƙarama ce, ba ta samu ba. Ranar Litinin ta hau bene wurin Dakta Lennartz, babban likitan 'yan sama jannati, wani dattijo mai sanyin magana. Ya karanta a tsaye, ya cire tabarau ya dube ta.

"Ta sani?"

"Ta sani."

"Malama Tammen, kin san abin da wannan zai jawo mata."

"Na sani, Dakta."

Ya daɗe yana murza goshi, sannan ya ce, "Da ma ba ki iya aikinki haka ba."

Kwamiti ya zauna, ya sake zama. Imke ta je ta kare kanta, ta ce a yi mata kowane irin gwaji, ta ce za ta sa hannu ta yafe wa hukumar duk abin da ya same ta. Suka saurare ta da ladabi, suka ce doka doka ce. Aka ba wani shugabancin tashar. Ita kuma aka ba ta kujera a ɗakin da ake magana da mutanen sama ta rediyo. Ta riƙe aikin har tawagar da ya kamata ta jagoranta ta je ta dawo, muryarta ce ke tashinsu da safe, ba wanda ya taɓa jin ta karye. Suna sauka ta ajiye aiki ta bar Kolon.

Rigar kuwa ta yi suna. Aka gyara ta, aka rage mata ƙaiƙayi, kowa ya koma sa ta, aka kuma ƙara wa ɗakunan barcin tashar kauri saboda abin da ta nuna. 'Yan sama jannati suna kiranta rigar Gesa. Aka ba Gesa lambar yabo a wani babban zaure, ta tsaya ta gode wa ƙanwarta da suna, aka yi tafi, kujerar da aka ware wa Imke babu kowa a kai.

Gesa ta yi ta kiran Imke ba a ɗauka. Daga baya ta daina. A Kirsimeti sai suka koma zuwa gida a ranaku dabam-dabam. Baba Okko bai taɓa cewa ga mai gaskiya ba. Sau ɗaya kawai, yana wanke kwanuka Gesa na gogewa, ya ce ba tare da ya juyo ba, "Ni ban san wani tiriri ba. Na dai san 'ya'ya biyu gare ni, kuma sau biyu nake gasa agwagwa." Bayan shekara biyu ya faɗi a lambunsa, kafin maƙwabta su kai shi asibiti ya cika. A wurin jana'iza Imke ta miƙa wa Gesa hannu kamar yadda ta miƙa wa fasto.

Duk tsawon lokacin nan Imke lafiyarta ƙalau. Gesa tana jin labari a bakin wata 'yar gwaggonsu: ko mura ba ta cika yi ba. Tana gode wa Allah da haka, kuma ta san ba wanda zai taɓa iya cewa ko hana ta hawan ne ya tsare ta, ko kuwa da ta je ma babu abin da zai same ta.

Shekara biyar da saukar Imke, kwamitin ya sake duba dokar. Yanzu da ake da awo na gaskiya daga jikin mutane da yawa, sai suka ga ba sai an bar tazara mai faɗi don tsoron abin da ba a sani ba. Suka ɗaga iyakar, suka mai da ta ɗaya ga mace da namiji. Da awon rigar Gesa suka kafa hujja. Gesa tana zaune a taron da aka sanar, ba ta buƙaci alƙalami ba, a ka ta yi lissafin. Da sabuwar dokar, Imke tana da sauran tafiya. Amma ta bar aiki, horonta ya tsufa, an ɗauki sababbin yara suna layi.

Imke tana tuƙa wani ɗan ƙaramin jirgi ne yanzu, mai kai mutane da wasiƙu tsibiran da ke gaban gaɓar teku, tafiyar da kafin ka gyara zama an iso. Gesa ta ɗauki hutu ta hau jirgin ƙasa zuwa arewa, ta sayi tikitin jirgin Imke kamar kowa. Fasinjojin ranar su ne ita, da wata tsohuwa da karenta, da wani mai gyaran famfo. Imke ta fito daga rumfa cikin rigar aiki, gashinta ya fara furfura a gefe. Ta ga yayarta, ta ɗan tsaya, sannan ta duba takardar hannunta.

"Malam, kai da kayanka baya. Mama, kare a cinya. Ke kuma gaba, kusa da ni, don nauyi ya daidaita."

Gesa ta shiga. Injin ya tashi, suka ɗaga, laka da ruwa suka shimfiɗu a ƙarƙashinsu suna ƙyalli. Ta kalli hannuwan ƙanwarta a kan sitiyari, ba gaggawa, ba kuskure. Akwai abin magana a kunnensu, amma sai da tsibirin ya bayyana Gesa ta iya buɗe baki.

"An canja dokar."

"Na ji."

"Da yanzu ne..."

"Na iya lissafi ni ma. Yi shiru, zan sauka."

Suka sauka a kan ciyawa. Tsohuwar da mai famfo suka kama hanya. Gesa ta tsaya kusa da fiffike, iska na dukan rigarta, duk maganar da ta shirya a jirgin ƙasa ta gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ki yafe min, Imke."

Imke tana sauke buhun wasiƙu. Ta ajiye shi a keken da aka kawo, ta goge hannu a wando.

"In yafe miki me? Ba ki yi ƙarya ba. Na yi ta neman inda kika yi laifi, shekara da shekaru, in samu in zage ki in huta. Ban samu ba." Ta dubi yayarta. "Amma in na gan ki, abin da nake gani ke nan. Ban san yadda zan yi da shi ba. Na gwada."

Gesa ta gyaɗa kai. Hawaye na zuba, ba ta share ba.

"Kin rame," in ji Imke. "Ki riƙa cin abinci."

Wasu masu yawon hutu su huɗu, har da yaro a kafaɗa, suka iso da jakunkuna, suna tambaya ko wannan ne jirgin komawa. Imke ta ce shi ne, ta ƙirga su, ta ƙirga kujeru. Babu wurin mutum na biyar.

"Akwai jirgin ruwa da yamma in ruwa ya cika," ta ce wa Gesa. "Kada ki tsaya jirana, yau ina da sawu da yawa."

Ta rufe wa fasinjojin ƙofa, ta zagaya ta shiga. Gesa ta ja baya zuwa shinge. Jirgin ya gudu a kan ciyawa ya ɗaga, ya karkata ya nufi gaɓa. Da ƙararsa ta ɓace, sai ta ɗauki jakarta ta tambayi mai keken wasiƙu hanyar tashar jirgin ruwa.